A nan mu ne Tom, a gida kuma mu ne mutanen gari

Da wuya ka sa yaro a makarantar gwamnati a ƙasar nan ta Amurka ya kai aji takwas ko tara bai shigo maka gida da littafin nan To Kill a Mockingbird ba. Wata mata ce ta rubuta shi, Harper Lee, 'yar wani ƙaramin gari Monroeville a jihar Alabama, ya fito a 1960, shekarar da Najeriya da Nijar suka samu 'yancin kai, shekara na zagayowa aka ba shi kyautar Pulitzer, a 1962 kuma aka yi fim ɗinsa. Ni a Jojiya nake zaune, maƙwabtan Alabama ne mu, kuma 'yata ce ta kawo shi gida tana ta ƙorafin an ba su aikin gida a kansa, daga taya ta sai na ƙwace littafin na zauna na cinye shi. Abun da na lura, duk mutanenmu na nan da suka karanta shi ko suka kalli fim ɗin suna matuƙar son sa, kuma dalilin son ɗaya ne, kowa ɗaukar kansa yake shi ne baƙar fatar da aka zalunta a ciki. To a nan ɗin haka ne ba musu, duk wanda ɗan sanda ya taɓa tsayar da shi da daddare ya ji yadda hannunsa ke rawa a kan sitiyari ya san haka ne. Amma ni dana ajiye littafin ba Amurka nake ta tunani ba wallahi, unguwarmu a Zariya nake gani, kuma a can ba a kujerar wanda ake tuhuma na hango mu ba.

Ga wanda bai karanta ba, labarin a wani ƙirƙirarren gari yake mai suna Maycomb, tsakanin 1933 da 1935, lokacin da talauci ya yi wa Amurka katutu. Wata yarinya Scout ce ke ba da labarin, tana shekara 6 aka fara, ga yayanta Jem, ga babansu Atticus Finch wanda lauya ne, uwarsu ta rasu. Sai alƙali ya ɗora wa Atticus kare wani baƙar fata, Tom Robinson, magidanci mai 'ya'ya 3, wanda ake zargi da yi wa wata budurwa farar fata fyaɗe. A kotu komai ya fito fili, raunukan da ke fuskar yarinyar a ɓangaren dama suke, ma'ana bahago ne ya doke ta, shi kuwa Tom hannunsa na hagu ya shanye tun yana yaro injin gurzar auduga ya cafke shi, uban yarinyar Bob Ewell kuma da aka ce ya rubuta sunansa a gaban kowa sai ya ɗau alƙalami da hagu. Ko yaro ya gane inda maganar ta nufa. Amma Tom ya yi suɓul da baka guda ɗaya, aka tambaye shi me yasa yake taya ta aikace-aikace kyauta, yace tausayinta yake ji, shikenan kotu ta ɗau zafi, wai baƙi ne zai tausaya wa fara. Mutum 12 da aka zaɓo cikin jama'a su yanke hukunci, duk maza duk farare, suka ce ya aikata. Daga baya yayi ƙoƙarin haura katangar gidan yari gandirobobi suka ɗirka masa harsashi 17.

Wannan shi ne ɓangaren da kowa ke tunawa. Ni kuwa ɗaya ɓangaren ne ya fi tsaya min a rai, labarin maƙwabcinsu Boo Radley, mutumin da tun yana saurayi ubansa ya kulle shi a gida saboda wani ɗan laifin ƙuruciya, shekara da shekaru ba wanda ya sa shi a ido, sai gari ya ƙera masa kama da hali. Wai dogo ne zanƙalele, wai ɗanyun kuregu da kyanwoyi yake ci, wai da daddare yake fitowa yana leƙen tagogin mutane, in furannin wata suka bushe shi ne ya hura musu numfashi, 'ya'yan itacen gidansu da ke faɗowa cikin filin makaranta ba yaron da ke taɓawa don an ce kashe mutum suke. Yara in sun zo ƙofar gidan da gudu suke wucewa. Alhali mutumin nan shi ne ke ajiye musu cingam da tsofaffin kwabbai da agogon da ya lalace a kogon wata bishiya, har 'yar tsana biyu ya sassaƙa da sabulu masu kama da su, shi ya ɗinke wa Jem wandonsa da ya maƙale a shinge, shi ya lulluɓa wa Scout bargo daren da gobara ta tashi a maƙwabta tana tsaye cikin sanyi bata ma san an yi ba. Da yayansa ya gane abun da ke faruwa sai ya toshe kogon da siminti yace wai bishiyar ce ke ciwo.

Jama'a wa ya tashi a ƙasar Hausa bai san wannan gidan ba? A layinmu wata tsohuwa ce, ita kaɗai a wani gida mai zaure ɗaya, ba 'yar asalin garin ba ce aure ya kawo ta, mijin ya mutu, 'ya'yan da ta haifa ba wanda ya rayu, shikenan aka ce ita ta cinye su. Tana suyar ƙosai da safe a bakin zaurenta, na tuna ƙaramin kaskonta da murhun duwatsu da wani faranti mai hoton fure duk ya ɓaɓɓare, tana jera ƙosan tana kore ƙuda da mafici, kuma ba mai saye sai baƙi masu wucewa da almajiran da ba su riga sun ji labari ba. Iyayenmu mata sun ja mana kunne, kar ka ci abun hannunta, kar ka bari ku haɗa ido, in ta kira sunanka kar ka amsa. In yaro yayi zazzaɓi ya fara sambatu sai a kasa kunne a ji sunan wa zai kira, kuma yaron da tun da ya buɗe ido sunan mutum ɗaya yake ji ana tsorata shi da shi, wa kuke so ya kira? Akwai ranar da aka je aka fito da ita aka ce sai ta tsallaka wani yaro ta sakar masa kurwa, ta tsallaka tana kuka tana rantsuwa, da yamma aka kai yaron asibiti aka ce maleriya ce, aka yi masa allurai ya warke, unguwa tace ai tsallakawar ce ta yi aiki. Har ta bar duniya sunan bai bar ta ba, yau ma in an zo kwatance da gidan mayya ake yi.

Bambancin kenan. A littafin marubuciyar ta yi wa Boo gata, ta ba shi dare guda da zai wanke kansa, Bob Ewell ya tare yaran cikin duhu da wuƙa yana son huce haushin tonon asirin da ubansu yayi masa, ya karya wa Jem hannu, sai ga Boo ya fito ya cece su, Ewell ya mutu a wurin, shugaban 'yan sandan garin ya dage cewa shi ya faɗa kan wuƙarsa don kar a jawo bawan Allah cikin idon jama'a. Sai a lokacin Scout ta gan shi, mutum ne fari fat don rashin shiga rana, siriri, mai kunya, har sai da ta riƙe hannunsa ta raka shi gida. Wurin yana da taɓa zuciya, amma ni ya bar min tambaya, da bai samu wanda zai ceta ba fa? Da haka zai mutu yana dodo. Kuma wannan mu ma mun san shi tun a tushe, Bayajidda baƙo ne ya sauka Daura da daddare ya nemi ruwa aka ce ba a ɗiba sai ranar Juma'a, sai da ya kashe macijin rijiyar Kusugu sannan ya zama mijin sarauniya. Baƙo in yana son a gan shi mutum sai ya kashe maciji tukuna. Tsohuwar layinmu bata samu macijin kashewa ba, Tom kuwa alherin da yayi shi ya zama hujjar kashe shi. Kuma a cikin wannan labarin na Bayajidda ne dai aka raba 'ya'ya gida biyu, na matar aure da na ƙwarƙwara, aka ce waɗannan Hausa bakwai, su Nupe da Gwari da Yarbawa da Kwararrafa kuma banza bakwai, a firamare aka koya mana muka haddace muka rubuta a jarrabawa ba wanda gabansa ya faɗi.

Abun sha'awa, shekarun da aka ɗora labarin Maycomb a kansu su ne dai shekarun da aka haifi namu litattafan. A 1933 Rupert East na hukumar fassara a Zariya ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai, daga nan aka samu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, Magana Jari Ce kuma ya biyo baya kafin 1940. Na zauna ina tuna su ɗaya bayan ɗaya ina neman me suka ce game da baƙo da bare, sai naga damuwarsu daban ce gaba ɗaya, su ɗan gida suke tsoro. A littafi na farko na Magana Jari Ce waye mugun? Waziri ne, na jikin sarki, da ɗan gari akan ci gari, kuma duk labaran da aku ke zubawa dare bayan dare don a riƙe Musa ɗan sarki a cikin gida ne kar ya fita. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, waɗanda suka kai Makau, mijin uwar Umar, ƙasa 'yan uwansa fadawa ne, hassada ta sa suka kai shi gaban sarki suka ce ya ɓoye wasu daga cikin bayin da aka kamo, aka kore shi daga gari. Hassada, makirci, annamimanci, cin amana, a nan marubutanmu gwanaye ne ba a kai su ba, kuma gaskiya suka faɗa don har gobe abun da ke cin mu kenan.

Amma ku duba Shaihu Umar da kyau. An sace yaro, an haura da shi hamada, ya tashi a hannun Balarabe Abdulkarim wanda ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa ya ba shi karatu, uwarsa ta bazama nemansa aka yaudare ta aka mai da ita baiwa, sai can a ƙarshe suka haɗu bata daɗe ba ta rasu. Duk wanda ya karanta wurin nan sai idonsa ya kawo ruwa. To mutanen da su Makau suka kai wa hari a farkon littafin fa, waɗanda aka kamo ana rigima a kan adadinsu? Su ma ai suna da uwaye, su ma an raba su da 'ya'ya, amma ba a tsaya a kansu ba, ƙirga su kawai aka yi. Tausayinmu na Umar ne don namu ne, ɗan Musulmi, bai kamata ya faɗa wannan halin ba. Ban ga laifin marigayi ba, ya rubuta zamanin kamar yadda zamanin ke ganin kansa, kuma ko a haka ya nuna munin bauta fiye da duk tsaransa. Inda nake da magana shi ne mu da aka karanta mana shi a sakandare shekara hamsin da wani abu bayan rubuta shi, ba malamin da ya tsaya yace yara su wane ne waɗancan.

Sannan shi kansa girman yaro, yadda ake nuna shi ya bambanta. Umar ya girma ne ta hanyar haƙuri da karatu da karɓar ƙaddara, ya zama shaihi ana zuwa ɗaukar karatu wurinsa. Musa ya girma ta hanyar sauraron nasiha. Yaro nagari a wurinmu shi ne wanda ya ji maganar manya. Jem kuwa ranar da ya girma ita ce ranar da ya gane manyan garinsu, waɗanda yake gaisarwa kullum, masu zuwa coci da fararen kaya, sun kalli gaskiya ƙiri-ƙiri sun take ta. Yana zaune a benen kotu inda aka ware wa baƙaƙe don ƙasa ta cika, yana ta murna yana ganin ai an gama babansu ya ci, da aka fara karanto hukunci ɗaya bayan ɗaya ya damƙe ƙarfen benen, ya fito yana kuka yana cewa ba daidai ba ne. Wannan kukan nake nema a litattafan da aka karanta mana ban samu ba. Wanda ya fi kusa a namu na Najeriya sai Nwoye a Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958, yaron da aka kawo masa Ikemefuna daga wani gari a matsayin diyya suka shekara 3 tare kamar wa da ƙani, rana ɗaya dattawa suka ce a kashe shi, uban Nwoye da hannunsa ya ƙarasa shi don kar a ce masa rago, daga ranar yaron ya fita daga ran garinsu tun kafin ƙafarsa ta fita. Achebe bai ɓoye maganar osu ba, mutanen da ba a aurensu ba a aske musu kai, bai ɓoye tagwayen da ake zubarwa a daji ba, kuma duk da haka ba wanda zai ce bai son mutanensa. Mu muka karanta muka ce kai Inyamurai da abun mamaki suke, muka rufe littafi.

Akwai wani wuri a littafin Harper Lee da na so a ce duk ɗan Arewa mai waya a hannu ya karanta. Matan coci sun taru shan shayi a gidan su Scout, goggonsu ce ta gayyace su, wata a cikinsu har da ƙwalla tana ba da labarin wata ƙabila a can Afirka da ke cikin duhun kai da talauci da yadda wani ɗan mishan ke wahala a kansu, bata sauke kofi ba ta juya tana zagin baƙar matar da ke mata aiki a gida wai tun da aka yanke hukunci take ɗaure fuska. Ana cikin wannan shayin Atticus ya shigo da labarin an harbe Tom. Haka malamar su Scout, ta tsaya a aji tana tsine wa Hitila kan abun da yake wa Yahudawa, alhali yarinyar da kunnenta ta ji ta a matakalar kotu tana cewa gara da aka koya wa baƙaƙen nan hankali kafin su fara tunanin auren farare. Laifi tudu ne. A watan Maris na 2025 da aka tare mafarauta 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo, suna hanyar komawa gida sallah daga Fatakwal, aka ga bindigogin farauta a motar aka ce masu garkuwa da mutane ne aka kashe 16 aka cinna musu wuta, duk mun yi kuka kuma kukan halal ne, an kalli kamarsu da harshensu ne aka yanke musu hukunci a bakin titi. Amma a 2022 a Sakkwato da aka jefe wata ɗaliba Kirista aka ƙona ta kan zargin ɓatanci, mutum nawa cikin masu kukan Uromi suka iya buɗe baki? Ba girman laifin taɓa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, nake musu ba, kowane Musulmi ya san shi, tambayata wa yayi shari'ar, ina alƙalin, ina shaidun, ina damar kare kai da addinin ya tanada. Fadar Sarkin Musulmi ta yi tir da abun, amma ku tuna irin abun da aka riƙa rubutawa a Facebook a satin. Shekara na zagayowa a garin dai aka yi wa wani mahauci Musulmi irin wannan, ta zo kan ɗan gida.

Kar a ce ban faɗi namu na kirki ba. Wajen karɓar baƙo kam mun fi Amurkawa nesa ba kusa ba, nan sai ka shekara a gida baka san sunan na kusa da kai ba, a can kuwa mutum ya sauka tasha bai san kowa ba ya kwana a zaure ya ci tuwo, baƙonka annabinka. A littafin ma wadda ta koya wa Scout wannan ladabin ba ubanta lauya ba ne, Calpurnia ce, baƙar matar da ta raine su, ranar da wani yaro ɗan talakawan ƙauye ya zo cin abinci ya malale komai da ruwan zaƙi Scout ta kunyata shi, ta ja ta kicin tace duk wanda ya taka gidan nan baƙonki ne, ko ya zai ci abincinsa ba ruwanki. Ina karantawa ina jin muryar kakata. Sai dai namu karamcin yana da iyaka kuma kowa ya san inda take, ƙofar aure. A ci tare a yi sallah sahu ɗaya a yi kasuwa shekara talatin, ranar da ɗansa ya ce yana son 'yarka sai a tashi 'yan bincike, a dawo a ce ai gidan mahauta ne, ai kakansu bawan gidan wane ne, ai wanzamai ne, ai akwai kuturta a danginsu, ai Bamaguje ne uban ne ya musulunta, kuma yaron injiniya ne yana sallah biyar ba a taɓa jin sa da kowa ba. A Nijar sai 2003 aka sa bauta cikin manyan laifuka a doka, a 2008 kotun ECOWAS ta kama gwamnatin ƙasar da laifin gaza kare wata mata da aka sayar tun tana yarinya. Wannan ba zamanin Makau ba ne, muna da wayar salula aka yi.

Su ma Amurkawan kar su yi saurin yabon kansu da littafin. Na je Monroeville, tsohuwar kotun garin an mai da ita gidan tarihi, ga benen ga kujerun katako, duk shekara ana wasan kwaikwayon shari'ar Tom masu yawon buɗe ido na tururuwa, gari na cin abinci da sunan littafin. A wannan garin dai, a 1986 aka kashe wata budurwa farar fata a shagon wanki da guga, aka rasa wanda za a kama sai aka cafke wani baƙi mai sana'ar katako, Walter McMillian, wanda an san shi da soyayya da wata farar mace. Mutane da dama sun ce suna tare da shi a wurin suyar kifi a gidansa lokacin da aka yi kisan, ba a saurare su ba, shari'ar kwana ɗaya da rabi aka yi, alƙali ya yanke masa kisa, sai 1993 lauya Bryan Stevenson ya fito da shi bayan shekara 6 yana jiran ranar mutuwa. Mutanen da suka yi masa haka ai a garin littafin suka tashi, ƙila wasunsu sun kalli fim ɗin sun yi ƙwalla. Kowa in yana karantawa Atticus yake ɗaukar kansa, ba mai cewa ni ne na bakwai a cikin mutum 12 ɗin nan. Shi ya sa nake fahimtar malaman makaranta baƙaƙe da ke cewa littafin ya gaji, Tom kusan bai da baki a ciki, matarsa da 'ya'yansa daga nesa ake hango su, mutuwarsa darasi ce kawai ga 'ya'yan farare, har wasu gundumomi irin Duluth a Minnesota suka cire shi daga jerin dole a 2018. Ni dai ban goyi bayan cirewa ba, gara a karanta a yi faɗa a kansa. Sannan a 2015, shekara guda kafin marubuciyar ta rasu, aka fito da wani littafin nata Go Set a Watchman, wanda tun kafin wancan ta rubuta shi, a ciki Scout ta girma ta dawo gida daga New York ta tarar da Atticus tsoho yana zama a taron masu adawa da haɗa baƙi da fari a makaranta. Mutane suka yi ta ihu an ɓata musu gwarzo, har da waɗanda suka sa wa 'ya'yansu sunansa. Ni ban ji mamaki ba ko kaɗan, na san dattawa da yawa masu adalci irin na Atticus, ba za su ci haƙƙin bare ko na kwabo ba, za su tsaya masa a gaban hakimi, amma su zauna tabarma ɗaya a matsayin surukai, a'a.

Kuma ba sai na koma gida zan samu misali ba. A nan Atlanta kwanaki muka je suna, ana cin shinkafa ana hira sai magana ta faɗo kan wata yarinya 'yar mutanenmu da ta kawo saurayi baƙin Amurka, Musulmi ne tun kakansa, yana aikin jinya a asibiti, uban ya rantse ba da shi ba. Wani alhaji a gefena ya ajiye cokali yace ai gaskiyarsa, akata, wato baƙaƙen Amurka, ba su da asali, ba ka san gidan da suka fito ba, yau aure gobe kotu, kuma kusan duk wurin aka gyaɗa kai. Nace Alhaji asalin nasu wa ya raba su da shi, ba daga gaɓar tekunmu aka loda kakanninsu ba, cikinsu har da waɗanda aka kamo a irin harin su Makau? Kuma ni da kai da muke zaune a unguwar da muka ga dama muna aiki inda muka samu, ai iyayensu ne suka sha kulki da cizon karnuka a Birmingham har aka yi dokar 'yancin jama'a ta 1964, a 1965 kuma aka gyara dokar shige da fice da ta buɗe wa irinmu ƙofa. Yace Malam kai dai ka cika boko, in 'yarka ce za ka bayar? Nace in yana da addini da hali zan bayar, yayi dariya yace Allah ya kai mu lokacin, aka kira sallar la'asar kowa ya tashi neman buta. Yarinyar dai na ji an tura ta Kano wurin goggonta wai ta huta, an karɓe fasfo ɗinta.